«An Ba Da Ita»: Ƙarya Biyu A Labaran Soyayyar Fada

Ƴan'uwa ɗalibai, akwai wani irin labari da ya cika wayoyinmu a ƴan shekarun nan, kuma lokaci ya yi da za a yi maganarsa a fili. Kun san shi. Ana turo shi babi-babi a WhatsApp, ana karanta shi a Wattpad, wasu kuma suna sauraren sa a YouTube suna wanki ko suna guga. Zamanin da ne, in ji marubuciya. Ga fada, ga dogarai, ga jakadiya, ga kuyangi. Ga yarima kyakkyawa mai zafin rai wanda ba ya dariya. Sai a ɗauko yarinya, ɗiyar talaka ko ɗiyar wani sarki da aka ci da yaƙi, a ɗaura mata aure da shi tana kuka. Ya wulaƙanta ta babi ashirin. Ran nan ta kwanta ciwo, ya kawo mata magani da hannunsa, zuciyarta ta buga. Kafin a rufe labari ta haifa masa tagwaye, masu karatu suna ta tura hotunan zuciya.

Abin da nake cewa shi ne wanga labari yana yin ƙarya sau biyu. Yana yi wa so ƙarya, yana yi wa tarihi ƙarya. Kuma waɗanda ke biyan kuɗin ƙaryar ba mu ba ne da muka kai jami'a, ƙannenmu ne da ke CEG a ƙauye.

Kafin wani ya tsuke baki, bari in raba abu biyu da Hausa kanta ta raba. Akwai auren haɗi, akwai auren dole. A na farko iyaye ne ke nuna hanya, su ce ga ɗan wane, a tambayi yarinya, ko kai tsaye ko ta bakin goggonta ko ƙawarta, kuma in ta ce a'a maganar ta mutu. A na biyu an tambaye ta ko ba a tambaye ta ba duk ɗaya ne, don amsarta ba ta sauya komi. Al'ummar da ta ba abu biyu suna biyu ta san ba ɗaya ba ne. Aikin da waɗannan labarai suke yi shi ne su nuna mana na biyun a babin farko, su ba mu sakamakon na farkon a babin ƙarshe, su bar mu mu ɗauka hanya guda ce.

Ni ɗalibar ilimin harshe ce, don haka a jimla nake fara kama mutum. Ku ɗauki bik da kaye, ku buɗe kowane ɗaya daga cikin labaran, ku bi babi goma na farko kuna rubuta duk aikatau ɗin da ya shafi yarinyar. Ga abin da za ku tarar: an ba da ita, an ɗaura, an yi mata wanka, an kai ta, an zaunar da ita. Wanga «an» da «aka», ko «anka» kamar yadda muke faɗi a Maraɗi, wakilin suna ne wanda ba ya nuna kowa. Amfaninsa ke nan a harshe, a faɗi aiki a ɓoye mai aikin. Shi ne muke ji a rediyo in an ce «an ƙara kuɗin mai». Wa ya ƙara? Oho. To haka ma «an ba da ita». Uban ne? Baffan ne? Sarki ne? Nawa aka karɓa? Jimlar ta share sawun kowa, mai karatu kuma ba ya da wanda zai tuhuma, sai ya ce ƙaddara ce.

Ku duba aikatau ɗin aure kansa. A Hausa mace tana iya zama aikau ɗinsa: ta aure shi, ta auri wane. Harshen bai hana ta ba. Amma marubutan nan «aurar da» suke zaɓa. Wanga gini, wanda masana nahawu ke kira giredi na 5, yawanci yana ɗauke da ma'anar fitar da abu daga hannun mai aiki zuwa waje: sayar da, bayar da, zubar da, fitar da. A cikinsa yarinya karɓau ce, tana zaune a gurbin da buhun hatsi ke zama a «ya sayar da hatsi». In kuwa aka ba ta gurbin aikau, mi take yi? Ta yi kuka, ta sunkuyar da kai, ta yi shiru, ta suma. Har ranar da son ya zo ma ba a cewa ta zaɓe shi. Cewa ake «ta kamu da sonsa», da gini irin na «ta kamu da masassara». Daga farkon labari zuwa ƙarshensa abubuwa ne ke samun ta, har da son da ake yi mana tallar sa.

Akwai kuma wata kalma da ya kamata duk mai rubuta labarin fada ya ji tsoronta. «Baiwa» kyauta ce, daga nan ne muke cewa an yi wa yarinya baiwa ko baiko, wato an yi alkawarin aurenta. «Baiwa» kuma ita ce macen bawa. A baki karin sauti ya raba su, kunnen Bahaushe ba ya ruɗewa. A takarda ba ma sa alamar karin sauti, don haka rubutunsu ɗaya ne, sai abin da ke kewaye da kalmar ya gaya maka wadda ake nufi. Ku karanta labaran nan da wanga ido. Sau da yawa abin da ke kewaye da yarinyar, kulle da duka da rashin wurin zuwa, yana nuna baiwa ta biyu, marubuciya kuma tana rantsuwa ta farko take nufi.

Yanzu ƙarya ta farko, wadda ake yi wa so. Hausa ba matalauciya ba ce wajen sunayen abin da ke cikin zuciya. Akwai so, akwai ƙauna, akwai bege, akwai shaƙuwa, akwai sabo, akwai tausayi, akwai haƙuri. Kowace da wurinta. Mutum yana sabawa da ɗakin da rufinsa ke yoyo, har ya san inda zai ajiye roba in hadari ya taso. Ɗan kaso yana sabawa da mai gadinsa, har ya ji daɗi ranar da bai zage shi ba. Tsofaffi da suka ce sabo turken wawa sun san sabo yana ɗaure mutum a inda bai kamata ya tsaya ba. To mi ke faruwa a babin da yarinya ke «kamuwa»? Mutumin da ya yi wata shida yana azabtar da ita ya sassauta rana guda. Abin da ta ji sunansa sauƙi, irin wanda mai ɗauke da kaya ke ji in an sauke masa. Marubuciya ta ɗauki wanga sauƙi ta rubuta masa «so» a goshi. Yarinyar da ke karatu a waya, mai shekara 14, ta koyi darasi guda: in ya fara da wulaƙanci ki daure, alama ce ta zai so ki daga baya. Yaro mai karatu shi ma ya koyi nasa, cewa ƙin da mace ta yi maka ba amsa ba ce, jinkiri ne kawai. Ku je fada ku zauna, ba ta sarki ba, tamu ta shayi a bakin titi, ku ji sau nawa ake cewa «bar ta, za ta saba».

Ƙarya ta biyu ita ce ta tarihi, kuma ita ta fi ba ni haushi, don ita ce mafakar ta farkon. In ka ce labarin nan zalunci ne sai a ce maka haba, ai zamanin da ne, haka mata suke, ba sa musu. Wace macen da? Akwai wadda ta bar mana labarinta da bakinta. Baba mutuniyar Karo, wadda aka haifa a 1877, ta zauna da Mary Smith a ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950 ta ba ta tarihin rayuwarta da Hausa, aka buga shi da Ingilishi a 1954. Aurenta na fari auren zumunci ne, da ɗan'uwanta Duma, manya suka haɗa. Ba ta so shi ba. Ta yi biyayya ta tafi, ta zauna ƴan shekaru don girman iyaye, son bai zo ba, ta fita. Aure huɗu ta yi a rayuwarta. Kuma ba ita kaɗai ba ce, labarinta cike yake da mata masu yin yaji, masu zuwa gaban alƙali, masu kashe aure su sake wani. Al'adar da aka sani ita ce auren fari na iyaye ne, amma bazawara ita ke zaɓen mijinta. Wato ko tsarin da ya ba iyaye iko kan budurwa ya bar wata ƙofa a buɗe, kuma mata sun bi ta cikinta.

A nan gida ma haka ne. Barbara Cooper ta rubuta littafi sukutum kan aure a Maraɗi daga 1900 zuwa 1989, aka buga a 1997, bisa hirarraki da matan garin. Abin da ke ciki mata ne masu lissafi, masu ciniki kan kayan ɗaki da gona da matsayi, masu shiga aure da fita. A fadar Maraɗi akwai sarautar Iya, a Tibirin Gobir akwai Inna, mata masu iko a kan harkokin mata da na bori, waɗanda ake jin maganarsu a fada. Ina suke a labaran wayarmu? Babu. Tsohuwar fada a wurin marubutan nan ko muguwar uwar miji ce ko makirar jakadiya. An ɗauki mutanen da suka san hanyar gidan alƙali an maye gurbinsu da yarinya mai hawaye, sannan aka ce mana wai al'adarmu ce.

Inda kuwa da gaske ƙofa take a kulle, can ne labaran suke shafa hoda. Fadojin ƙarni na 19, har da ta Damagaram a zamanin Sarki Tanimun, sun tsaya ne a kan bayi, kuma fatauci ta hamada zuwa Tarabulus har da mutane yake ɗauka. Kuyangar da ke yi wa gimbiya fifita a labari, a tarihi yarinya ce da aka kamo a hari, tana da gari, tana da uwa. Ƙwarƙwarar sarki ba budurwarsa ba ce, mallakarsa ce. Kada wani ya ce wannan tsohon zance ne. A 1996, a yankin Ƙonni, an sayar da Hadijatou Mani tana da shekara 12 a kan jika 240 na sefa, ta zama wahaya a gidan wani dattijo. Da ya ba ta takardar ƴanci a 2005 ta nemi tafiya, sai ya ce ai matarsa ce. Da ta auri wanda take so, ita aka yanke wa hukunci bisa laifin aure kan aure. Sai a watan Oktoba na 2008 kotun CEDEAO, a zamanta na Yamai, ta ce bauta ce, ta ce ƙasa ta kasa kare ta, ta umarci a biya ta miliyan 10 na sefa. Ku lura da abin da aka yi shekaru ana shari'a a kansa: kalma guda ce, mata ko baiwa. Wanda ya san wanga labari, in ya karanta babin da yarima ya «kamu da son» kuyangarsa ta zama sa-ɗaka aka yi ta guɗa, ya kamata cikinsa ya juya.

Wani zai ce ba mu muka ƙirƙiro salon ba, a finafinan Indiya muka gani. Gaskiya ne, kuma gara mu duba abin da muka kwaikwaya. Babban misali shi ne Jodhaa Akbar na 2008, wanda Ashutosh Gowariker ya shirya, da Hrithik Roshan da Aishwarya Rai. Tushensa aure ne na siyasa da aka yi a 1562 tsakanin Sarki Akbar da ɗiyar Raja Bharmal na Amber, wadda ta haifi magajinsa Jahangir. Fim ɗin ma ya yi wa tarihi kwaskwarima. Masana tarihi suna jayayya har kan sunan Jodha, kuma Akbar mata da yawa gare shi, fim ya kawar da kai daga gare su. Amma masu fim ɗin sun gane wani abu. Kafin a ɗaura aure gimbiyar ta gindaya sharuɗɗa kan addininta, sarki ya karɓa. Bayan aure bai kusance ta ba sai da ta yarda. Da ya zarge ta bisa kuskure ta koma gidan ubanta, shi ya bi ta yana biko. Sun san ɗan kallo ba zai yarda da son ba sai ya ga matar tana iya cewa a'a. Namu marubutan sun kwaso fadar da kayan adon da kallon-kallon, suka bar sharuɗɗan a can.

Abin takaici, adabinmu ya taɓa fin haka ƙarfin hali. Tun shekarun 1930 Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East ya nuna abin da ke biyo baya in mai kuɗi ya raba yarinya da wanda take so. A 1990 Balaraba Ramat Yakubu, wadda ita kanta aka cire daga makaranta aka yi mata aure tana ƙarama, ta fitar da Wa Zai Auri Jahila?, inda aka ba da Abu ga tsoho, ta gudu, ta yi karatu, ta tsaya da ƙafarta. A 1991 Ado Ahmad Gidan Dabino ya fitar da In Da So Da Ƙauna, wanda ya tsaya a gefen masoya a kan son kuɗin dangi. An zagi marubutan wancan zamani, an ce suna ɓata tarbiyya, har a 2007 aka ƙona littattafan soyayya a bainar jama'a a Kano. Su sun sha zagi don sun ce auren dole cuta ne. Mu da muka zo bayansu, da intanet da komi, mun koma muna yi masa lalle.

«Labari ne kawai», in ji wasu, «mi ya yi zafi?» Ga abin da ya yi zafi. Binciken lafiya da yawan jama'a na 2012 ya nuna kashi 76 cikin 100 na matasan matan Nijar an yi musu aure kafin shekara 18, kashi 28 kafin shekara 15. Dokar farar hula tamu ta sa shekarun aure 15 ga mace, 18 ga namiji, yawancin aure kuma bisa al'ada ake ɗaura shi, inda ba a ma duba takardar haihuwa. Baturiyar da ke karanta labarin auren haɗi na sarakunan Ingila tana karanta abin da ba zai taɓa ƙwanƙwasa mata ƙofa ba. A wurinmu abin yana tsakar gida. Dukanmu mun san wadda muka fara lakwal tare, aka dawo hutu ba a gan ta a aji ba. In labarin da ta fi so yana gaya mata kuka farkon soyayya ne, da wane baki za ta je ta gaya wa goggonta ba ta so?

Wasu za su ce kakanninmu haɗa su aka yi, kuma sun so juna har mutuwa. Na yarda ƙwarai, na ga irinsu da idona, kuma babu abin da ya fi su kyau. Amma waɗanda muke gani su ne auren da ya rayu. Wanda ya mutu a shekara ta biyu ba ya nan balle a nuna shi. Je ka tambayi kakarka ko kakanka ne mijinta na fari, wataƙila amsar ta ba ka mamaki. Waɗanda suka zauna ɗin ma sun zauna ne a duniyar da fita take yiwuwa, shi ya sa zamansu yake da daraja. Masu cewa ai auren soyayya ma yana mutuwa, e, yana mutuwa. Ban ce zaɓi yana hana kuskure ba. Na ce wanda ya zaɓa kuskurensa ne, wadda aka ba da ita kuskuren wani take ɗauke da shi.

Masu fakewa da addini kuma su yi a hankali. An san littattafan fiƙihun Malikiyya sun ba uba iko a kan auren budurwa, an kuma san hadisin da ya ce a nemi izininta, shirunta shi ne yardarta, da na Khansa'u bint Khizam, bazawarar da ubanta ya aurar ba da sonta ba, Manzon Allah (SAW) ya warware auren. Shirun kunya ake nufi. Yarinyar da ke birgima a ƙasa tana cewa ba ta so ba shiru ta yi ba. Kuma babu littafin da ya halatta wulaƙancin babi ashirin da ake yi mana ado da shi.

Ba cewa nake a daina rubuta so a cikin auren haɗi ba. Ina ma a rubuta shi, don yana cikin manyan labaran da muke da su. Mutum biyu da ba su san juna ba, a ɗaki guda, kowa na jin kunyar kowa, suna koyon muryar juna a hankali, wallahi akwai abin rubutawa a nan. Amma a yi aikin. A sa labarin a wuri da lokaci na gaske, a ce tsohon garin Maraɗi na cikin gulbi kafin ambaliyar 1945 ta sa a hau tudu, ko Birnin Damagaram lokacin da Faransawa suka shigo. Abdoulaye Mamani ya nuna da Sarraounia a 1980 cewa ana iya gina ƙagaggen labari a kan tarihin ƙasar nan mace tana tsakiyarsa. A je wurin tsofaffi da rikoda a tambaye su yadda ake neman yardar yarinya a da, wa ake aikawa, mi take cewa in ba ta so. A nuna wanda ya ba da ita da sunansa da dalilinsa. A bar ta ta yi yaji, a bar shi ya yi biko, a bar ta ta yi lissafin dawowa ko ƙin dawowa. Kishiya ta zama mutum mai nata tsoron. Kuyanga a ba ta suna da garin da aka kamo ta. In son ya zo, marubuci ya iya nuna mana abin da mijin ya yi, ba rana guda ba, har ya cancanci a so shi. In kuma bai zo ba, a yi ƙarfin halin rubuta hakan, kamar yadda Baba ta faɗi nata ba tare da kunya ba.

Ga masu rubutu a cikinmu, kuma na san muna da yawa a Yamai da Maraɗi da Damagaram da Tawa, ga gwaji mai sauƙi kafin ku tura babi na gaba. A ƙarshen kowane babi ku tambayi kanku: in yarinyar nan ta tashi yanzu ta ce ta tafi, akwai inda za ta, kuma akwai wanda zai saurare ta? In amsar a'a ce tun daga farko har ƙarshe, to labarin tsarewa kuke rubutawa, ku kira shi da sunansa, ku rubuta shi da gaskiyar da ta dace da shi. Ga masu karatu kuma, in an turo muku na gaba a guruf, ku yi ƙirgar aikatau ɗin nan, ku tura wa marubuciyar sakamakon, ku tambaye ta wa ya ba da yarinyar. Wanda bai yarda da ni ba, shafin fitowa ta gaba a buɗe yake, ya kawo nasa labarin da nasa ƙirgar mu duba tare.